Lasisin Alhaji Sammani

A shekarar da gwamnati ta biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashin nan na Udoji, cikin 'yan watanni Katsina ta cika da ababen hawa. Malaman makaranta suka jingine kekunansu suka hau babura, manyan akawuna suka fito da ƙananan motoci, 'yan kasuwa da 'yan kwangila kuwa kowa sai Fijo sabuwa fil. Titunan garin ba su ƙaru ba, ba su kuma faɗaɗa ba. Ga shi ba a fi shekara uku da komawa tuƙi ta hannun dama ba, har lokacin akwai wanda in ya ruɗe sai ya koma tsohon hannu. Duk wanda ya sayi mota yana bukatar lasisi, lasisi kuma ba ya fita sai mai gwajin tuƙi ya sa hannu. Malam Ummaru ɗaya ne daga cikin mutum biyu da ke wannan aiki a garin.

Shekarunsa talatin da huɗu a lokacin, yana zaune a Kambarawa da matarsa Bilkisu da 'ya'yansu biyu. An san shi da cewa ko goro ba ya karɓa a bakin aiki. Da mutane suka gane haka sai suka daina zuwa masa da ambulan, suka koma zuwa da wanda yake jin nauyi: tsohon malaminsa, ko limamin unguwarsu, ko wani dattijo da ya san mahaifinsa. Wani lokaci yakan daure ya ce a dawo bayan sati biyu. Wani lokaci kuma ba ya iyawa.

A duk Katsina babu wanda Ummaru yake jin nauyi kamar Alhaji Sammani na Ƙofar Kwaya. Aminin mahaifinsa ne. Da mahaifin ya rasu, Ummaru yana ɗan shekara goma sha biyu, Alhaji ya ɗauke shi ya kai gidansa, ya haɗa shi ɗaki ɗaya da babban ɗansa Atiku. Shi ya tura shi Kaduna koyon kanikanci, shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar ɗaurin aurensa. Ummaru Baba yake kiransa, kuma har ya zama magidanci bai taɓa haɗa ido da shi ba.

Alhaji Sammani ɗan kasuwar yadi ne tun yana saurayi, amma da gine-gine suka yawaita ya shiga harkar siminti, Allah kuma ya buɗa masa. Yana da shekara sittin da biyu ya sayi farar Fijo. Atiku ya ba shi shawarar a ɗaukar masa direba, ya ce a'a, sa'o'insa duk da kansu suke tuƙi, shi ba zai zauna a bayan motarsa kamar dilar kaya ba. Sati biyu Atiku ya yi yana kai shi wani fili a bayan gari yana nuna masa giya da kuloci. A sati na uku Alhaji ya ce ya iya, a kai shi wurin ɗansa Ummaru ya gwada shi.

Ranar wata Talata da hantsi suka zo. Da Ummaru ya hango motar ta shigo harabar ofis sai ya tashi da sauri. Ya leƙa ɗakin abokin aikinsa don ya tura masa, ya iske ya fita. Ko da yana nan ma da bai yi amfani ba, don tun daga bakin ƙofa Alhaji yake faɗa wa masinja cewa wurin ɗansa ya zo.

Aka fara da ribas tsakanin ganguna. Alhaji ya ture biyu daga cikin huɗu, ya yi dariya ya ce an matse su da yawa. Suka hau titi, Ummaru na zaune a gefensa da takardar gwaji a kan gwiwa. Tun da suka fita Alhaji bai dubi madubi ko sau ɗaya ba. Ya shiga shataletale bai duba ko wani na zuwa ba, wani mai babur ya kauce da ƙyar. Da suka zo wajen Ƙofar 'Yandaka ya hango wani abokinsa zaune a ƙofar shago, sai ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu yana gaisuwa, ya juya kai yana bin mutumin da kallo har suka wuce shi. Motar ta karkata ta nufi ɗaya hannun, sai da Ummaru ya miƙa hannu ya dawo da ita. Can gaba, inda babu kowa, ya ce masa ya tsaya nan take. Ƙafar Alhaji ta fara sauka a kan totur, motar ta zabura, sannan ya lalubo birki.

Duk hanyar komawa Ummaru yana shirya abin da zai faɗa. Zai ce a ƙara wata guda, shi da kansa zai riƙa zuwa kowace yamma yana koya masa. Amma da suka tsaya a harabar ofis sai mutanen da ke jiran gwaji suka taso suka kewaye motar suna gaida Alhaji, wasu har da durƙusawa. Alhaji ya kashe mota, ya juyo da fara'a.

"To ɗana, yaya ka gani?"

Ummaru ya dubi takardar, ya dubi mutanen da ke bakin taga suna saurare.

"Ba laifi, Baba," in ji shi. "Sai dai a riƙa kula da birki."

Ya sa hannu.

Da ya koma gida bai iya cin abinci sosai ba. Bilkisu ta matsa masa har ya ba ta labari. Ita ba ta ga laifinsa da ya ƙi kunyata dattijon a gaban jama'a ba, amma ta ce ya je gobe ya same shi shi kaɗai ya gaya masa gaskiya, tun kafin motar ta saba fita. Ya ce zai fara magana da Atiku. Atiku kuwa dariya ya yi, ya ce ai Baba ba ya gudu, tafiyarsa ma ko mai keke yana wuce shi, kuma wa ya iya tuƙi ranar farko? Ummaru ya karɓi wannan magana don ta yi masa sauƙi.

Gaskiya kuma ba Alhaji kaɗai ba ne. A Katsinar lokacin, mota biyu za su haɗu a tsakiyar titi, direbobin su sauke gilashi su shiga tambayar iyali da gajiya da kasuwa, na bayansu su yi ta jira. 'Yan tasi suna tsayawa duk inda aka ɗaga musu hannu, ko da a kan kwana ne. Samari masu sabbin babura suna tsere a gaban makarantu. 'Yan sandan hanya ba sa tsayar da mai babbar riga, in kuma tsautsayi ya sa suka tsayar, kafin a isa caji ofis saƙo ya riga su isa. A mararrabar Ƙofar Kwaya akwai wani Sajan Rabe da ya daɗe a wurin. Shi da ya hango farar Fijo sai ya tsayar da kowa, ya ƙame, har Alhaji ya wuce.

Cikin wata shida Alhaji ya ture tiren wata mai sayar da mangwaro, ya goge wani mai keke ya faɗa kwata, ya kuma yi ribas ya rushe gefen dakalin masallacin unguwarsu. Duk a zaure aka kashe maganganun, a ba wa mai abu haƙuri, a gyara masa abin da ya ɓaci, a yi addu'a a tashi. Ko ɗaya bai shiga takarda ba. Ummaru yana jin labarin kowanne, kuma kowanne sai ya kwana biyu yana damunsa.

Bayan maganar dakalin ne ya yanke shawara ya tafi. Ranar Juma'a bayan an sauko ya nufi Ƙofar Kwaya, ya cire takalmi ya shiga zaure, ya iske Alhaji da baƙi uku daga Jibiya. Ya gaishe su ya koma gefe yana jiran su tashi. Hira ta biyo ta kan mota, ɗaya daga cikin baƙin ya yi wa Alhaji tsiya cewa an ce masu kuɗi sayen lasisi suke yi. Alhaji ya nuna Ummaru da carbinsa, ya ce ga wanda ya gwada shi nan zaune, kuma kowa a Katsina ya san yaron nan ko uban da ya haife shi ba zai ɗaga wa ƙafa ba. Ya faɗi haka da alfahari. Baƙin suka sa wa Ummaru albarka. Da suka tafi Alhaji ya tambaye shi ko da wata magana, ya ce babu, gaisuwa ce kawai ta kawo shi.

Abin ya faru ne cikin damina ta shekara mai bi, ranar wata Alhamis gab da azahar. Akwai wani tela, Malam Almu, mai shago a bakin titi kusa da mararrabar Ƙofar Kwaya. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, kuma da keken ɗinkin nan na ƙafa yake ciyar da su. Ya fito ke nan yana kulle shago zai tafi masallaci, ya juya wa titi baya. Alhaji ya taho daga kasuwa a hankali kamar yadda ya saba. A ɗaya gefen titin ya hango wani amininsa da ya yi wata biyu yana jinya, ranar ya fara fitowa. Ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu. Da ya juyo ya ga bango a gabansa, ya taka da ƙarfi, amma totur ya taka. Motar ta haɗa ƙafar Malam Almu ta dama da bangon shagonsa.

Sajan Rabe ne ya fara isowa. Ya kori mutane, ya sa aka tura motar baya, ya aika aka kira Atiku. Alhaji yana zaune a cikin mota, bai iya fitowa ba sai da aka kama shi aka kai shi gida. Sajan ya ja Atiku gefe ya gaya masa cewa in aka kai mutumin asibiti za su nemi takardar 'yan sanda, in takarda ta fita kuma magana ta tafi kotu, dattijo kamar Alhaji ya tsaya gaban alƙali. Ya ce karaya ce kawai, akwai mai ɗori a cikin gari da ya ɗora waɗanda suka fi wannan. 'Yan'uwan Malam Almu da suka iso ba su musa ba. Alhaji maƙwabcinsu ne shekara da shekaru, Atiku kuma ya ce komai na jinya da na cefanen gida yana wuyansu. Aka ɗauki Malam Almu a bayan a-kori-kura aka kai shi gidan mai ɗori.

Sai bayan la'asar Ummaru ya ji. Bai tambayi yadda aka yi ba, don tun kafin a gama ba shi labari ya san yadda aka yi.

Rana ta uku ya je dubiya. Ya iske Malam Almu kwance a kan tabarma a wani ɗan ɗaki, an ɗaure ƙafar da karare da tsumma tun daga cinya har idon sawu. Ya amsa gaisuwa da kyau, har ya yi godiya. Amma Ummaru ya ga yatsun ƙafar sun kumbura sun yi duhu, kuma akwai wani wari a ɗakin da turaren da aka kunna bai rufe ba. Da ya fito ya sami Atiku ya ce masa a kai mutumin nan asibiti yau. Atiku ya ce mai ɗori ya tabbatar musu haka ciwon yake yi kafin ya kama, a ƙara masa kwana uku. Ya ƙara da cewa Baba ko abinci ba ya ci, in ya ji maganar kotu ba a san abin da zai same shi ba. Ummaru ya ce to, kwana uku.

Kwana ukun suka zama tara. Zazzaɓi ya rufe Malam Almu har ya daina gane mutane. Matarsa Saudatu ce ta sa mayafi ta fita ta tare tasi da kanta, ta ce wa 'yan'uwan mijinta duk wanda zai hana ta ya fito. A asibiti aka yanke ƙafar daga saman gwiwa a ranar. Likitan ya gaya wa Saudatu cewa da tun ranar farko aka kawo shi, mai yiwuwa da an ceto ta. Ya kuma ce ba zai rufe takardun majinyacin ba sai an kawo rahoton 'yan sanda.

Haka aka buɗe fayil ba don kowa ya so ba. Doka ta ce duk motar da ta ji wa mutum ciwo sai an duba lafiyarta, duba mota kuma aikin ofishin su Ummaru ne. Takardar ta zo teburinsa.

Atiku ya biyo ta da yamma, har gida. Suka zauna a ƙofar gida a kan benci, kamar yadda suka saba tun suna samari. Atiku ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar. Abin da ake bukata layi ɗaya ne: birki ya tsinke. In birki ne, tsautsayi ne, ba laifin kowa. Ya ce in Ummaru yana tsoron a sake dubawa, akwai bakanike da zai kwance bututun man birki kafin gobe. Ƙafar Almu dai ta riga ta tafi, in ji shi, rubuta gaskiya ba zai dawo da ita ba, amma zai iya kashe tsohon da ya rene su su biyun.

Ummaru ya ce masa kada kowa ya taɓa motar, zai je ya gani.

Washegari ya je caji ofis inda aka ajiye ta. Fitila ɗaya ta fashe, bamba ta lotsa, ban da haka babu abin da ya same ta. Ya shiga ƙarƙashinta ya duba bututu ɗaya bayan ɗaya, babu inda mai ke ɗiga. Ya hau da ita hanyar bayan gari, ya taka birki sau uku, kowane sau tana tsayawa cak. Ya daɗe zaune a cikinta a bakin hanya kafin ya juyo. Da ya koma ofis ya rubuta cewa birki lafiya, sitiyari lafiya, tayoyi lafiya. A ƙasa ya ƙara cewa a karɓe lasisin direban har sai an sake gwada shi.

Rahoton bai sauya komai ba. 'Yan'uwan Malam Almu suka rubuta cewa sun yafe, ƙaddara ce, ba su da ƙara. Manyan unguwa suka sa baki. Fayil ɗin bai isa kotu ba, ba wanda ya zo karɓar lasisi, Sajan Rabe kuma ya ci gaba da tsayuwa a mararrabarsa. Abin da ya biyo baya kawai shi ne Atiku ya daina amsa gaisuwar Ummaru, matan gidan Alhaji kuma suka daina aiko wa Bilkisu tuwon Juma'a. Ta ji ana cewa a gidan biki wai mijinta ya manta tuwon da ya ci.

Bayan kamar sati uku Alhaji ya aiko a kira shi. Ummaru ya tafi da safe kafin ya wuce ofis, yana tsammanin faɗa. Motar tana ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol. Ya iske Alhaji shi kaɗai a zaure, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo. Alhaji ya ce Atiku ya karanta masa abin da ya rubuta, kuma daidai ya rubuta, birkin motar bai yi komai ba. Ya ce ba wannan ya sa ya kira shi ba.

"Tambaya guda gare ni, kuma ina son ka dube ni ka amsa. Ran da ka gwada ni, na ci?"

Ummaru ya ɗago kai. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya kalli idon mutumin.

"A'a, Baba. Ba ka ci ba."

"To mi ya hana ka gaya mani?"

"Kunya, Baba. Ga mutane sun taru."

"Washegari fa? Ran da ka zo ka ishe baƙi, bayan sun tafi fa?"

Ummaru ya mayar da kansa ƙasa.

Alhaji ya juya carbinsa a hannu. Da ya sake magana muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Na tura ka Kaduna don ka san abin da ni ban sani ba. Da ka ce mani ban ci ba, da na yi hushi, na san halina. Watakila in yi wata ban amsa gaisuwarka ba. Amma da na yarda, don kai ka faɗa. Ni har ran da abin ga ya faru gani nike na iya."

Ya ce masa ya tashi ya tafi aiki kada ya makara. Bai zage shi ba, bai kuma sa masa albarka kamar yadda ya saba ba.

A hanya Ummaru ya yi ta gaya wa kansa cewa da ya kayar da shi ranar, Atiku zai kai shi wurin ɗaya mai gwajin, ko su tafi wani gari su dawo da lasisi cikin kwana biyu. Mai yiwuwa haka ne. Ya faɗa wa Bilkisu wannan da yamma, ta saurare shi har ya gama, ta tashi ta kawo masa ruwan alwala.

Alhaji Sammani bai sake riƙe sitiyari ba. Ya saya wa Malam Almu keken ɗinki na hannu, ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yansa, kuma duk Juma'a yakan taka da ƙafa ya je shagon ya zauna. Ummaru yana zuwa gaishe shi kamar da, ana amsawa, amma hirar ba ta wuce gaisuwa.

A wurin aiki kuwa Ummaru ya zama wani mutum dabam. Ya daina duban wanda ya rako mai gwaji. Ya kayar da ɗan wani babban ɗan kwangila sau uku, ya kayar da ƙanin limamin unguwarsu. Yawancinsu cikin sati yakan gan su a titi suna tuƙi, sun samo lasisi ta wata hanya. Ƙorafi ya yi yawa a kansa, ana cewa yana wulaƙanta mutane. Bayan shekara biyu takarda ta zo an mayar da shi Funtuwa.

Saura kwana biyu su tashi ya je shagon Malam Almu. Ya sha zuwa dubiya a baya, amma a matsayin ɗan gidan Alhaji. Ya iske shi zaune a kan tabarma, keken a kan wani ɗan gajeren tebur a gabansa, yana juyawa da hannun dama yana tura yadi da hagu. Sandunansa biyu suna jingine a bango. Aikin ba ya sauri kamar da, manyan riguna duk sun koma wurin wasu teloli, sai kayan yara da faci. Bayan sun gaisa Ummaru ya ce an mayar da shi Funtuwa, kuma akwai abin da ya zo faɗa kafin ya tafi. Ya gaya masa duka: ganguna biyun da aka ture, hannun da aka ɗaga a Ƙofar 'Yandaka, totur da aka taka maimakon birki, da yadda ya sa hannu yana sane. Ya gaya masa ya ga yatsunsa rana ta uku a gidan mai ɗori, ya san abin da ya gani, ya kuma yarda aka ƙara kwanaki.

Malam Almu ya tsayar da keken. Ya ce shi bai taɓa sanin wannan ba, bai ma taɓa tunanin wani ne yake ba da izinin tuƙi ba, ya ɗauka wanda ya sayi mota hawa kawai yake yi. Ya ciro zaren da ya harɗe, ya sake zura shi a allura.

"Alhaji kam na yafe mashi tun ina asibiti, don na ga yadda ya koma," in ji shi. "Kai kuma, Malam, yanzu na ji. Ka ba ni lokaci. In ka zo gida ka biyo."

Ummaru ya ce zai biyo.

Ya zo Katsina da ƙaramar Sallah, ya wuce ta gaban shagon a cikin tasi, ya hango shi sunkuye a kan keken, bai ce a tsaya ba. Ya ce sai ya huta tukuna, hutun kuma ya ƙare. Ya sake zuwa da Alhaji Sammani ya rasu, ya yi kwana uku a zaman makoki. Malam Almu ma ya zo ranar farko a kan sandunansa, suka gaisa cikin jama'a kamar kowa, Ummaru ya ce a ransa wannan ba lokacin maganar ba ne. Da ya zo a shekara ta uku, da niyyar daga tasha can zai fara, ya iske shagon ya koma na mai gyaran rediyo. Mai shagon ya ce tela ya rasu tun kafin azumi, ciwon ciki ne na kwana biyu.

Ya nemi gidan ya je ta'aziyya. Saudatu ta amsa masa daga bayan labule. Da ya faɗi sunansa ta ce ta gane shi, shi ne na Funtuwa. Ya yi addu'a, sannan ya daure ya tambaye ta ko marigayin ya taɓa yin maganarsa. Ta ce sau ɗaya, bayan wata Sallah, ya tambaye ta ko ta ji mutumin nan na Funtuwa ya shigo gari. Ta ce masa ba ta ji ba. Ummaru ya tambaya ko ya ƙara cewa wani abu. Ta yi tunani, ta ce a'a, iyakar abin da ya ce ke nan.